Hira ɗaya-ɗaya ko a tara su a tabarma guda? Amsa ga ƙanwarmu mai bincike a Maiwurno

Ƙanwata na ga tambayarki tun jiya, kin ce kina majistir, wato digiri na biyu, kan yadda matan garin Maiwurno da ke Sudan suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kin rasa wanne za ki ɗauka, hira da kowacce ita kaɗai ko tattaunawar rukuni.

Taron rukuni yana da sauƙi gaskiya. Mata shida zuwa takwas, a ɗora jabana, wato gahawa, kafin la'asar kin cika littafi, kuma in ɗaya ta manta shekarar da aka sayi injin markaɗe wata za ta gyara mata. Don jera tarihi, me ya riga me, babu kamarsa. Amma kin san halinmu, in Hajiya shugaba na zaune yarinya ba za ta buɗe baki ta ce kuɗi sun taɓa ɓata ba, kunya ba za ta bari ba, sai dai kowa ya ce alhamdu lillahi lafiya lau muka fara.

Hira ɗaya-ɗaya kuwa tana cin lokaci sosai, awa guda na magana zai iya cinye miki wuni wajen rubutawa, ga fassara zuwa Larabci in jami'a ta buƙata. Amma asalin labarin a nan yake. Irin waɗannan ƙungiyoyi sau da yawa ba daga takardar rajista suke farawa ba, daga adashi ne, sandug ɗin nan namu, ko gayya da ake kira nafir a nan Sudan, kuma abin da kike nema shi ne wa ta fara yarda ta damƙa wa wata kuɗinta, me ya sa ta yarda. Wannan sai a ɗaki, ke da ita. Haka wata Baturiya mai bincike, Mary Smith, ta zauna da wata dattijuwa, Baba ta Karo, a ƙasar Zazzau wajen 1950, mace ɗaya tak, har yau masana na ɗibar ilimi daga hirar.

Shawarata ki fara da ɗaya-ɗaya, kuma don Allah ki nemo waɗanda suka fice daga ƙungiyar, su ne ake mantawa alhali su suka san inda aka samu saɓani. Kar ki ƙayyade adadi tun farko. Masana ilimin zamantakewa Glaser da Strauss a 1967 sun koyar da cewa ana ci gaba har sai sabuwar hira ta daina kawo sabon abu. Daga nan ki tara su ki karanta musu abin da kika fahimta ba tare da suna ba, su gyara miki.

Kafin ki kunna rikoda a waya ki nemi izini, in ta ƙi ki rubuta da hannu kawai, yanayin yaƙin nan tun 2023 ya sa mutane tsoron a naɗi muryarsu kuma suna da gaskiya.