Sati Uku Ina Fama da Rinar Donkey Kong Country

Sati uku ke nan muna buga Donkey Kong Country na ɗaya da na biyu a kan Switch, na'urar gem ta Nintendo, ni da ƙanena da ke ƙaramar sakandare. Tsohon gem ne. Kamfanin Rare na Ingila ya ƙera na farkon, Nintendo ta fitar da shi a 1994 a kan Super Nintendo, na biyun ya biyo baya a 1995, kuma tun 2020 dukansu suna cikin tsofaffin wasannin da mai rajistar Nintendo Switch Online ke samu. Na zauna da niyyar yin sharhin gem ɗin baki ɗaya, sai na ga duk inda na ɗauko zance a kan halitta ɗaya yake sauka, wato Zinger.

Zinger rina ce ƙatuwa mai ratsi-ratsi, ga ƙari a baya, ga ƙayoyi jere a gadon bayanta. Duk wanda ya saba da gem ɗin tsalle-tsalle ya san abin da hannu ke yi da kansa: ka ga abokin gaba, ka dira masa a ka. Haka ake gamawa da yawancin kadojin gem ɗin da ɓerayensa. Ran farko ƙanena ya hango ta tana shawagi a kan hanya, ya daka tsalle ya sauka a kanta, nan take Diddy, ƙaramin birin da yake buga wasan da shi, ya tafi.

"Yaya, ai kanta na taka!"

Na ce masa, "Tsaya ka dubi bayanta tukuna."

Ya matso kusa da talabijin, ya ƙura wa ƙayoyin ido, bai sake cewa komai ba. Abin da ya fara burge ni ke nan. Babu rubutun gargaɗi ko guda, siffarta kaɗai ta isa ta gaya maka ba a taka ta. Duk yaron da rina ta taɓa harbi a ƙarƙashin rumfa ko jikin bishiyar mangwaro ba ya bukatar dogon bayani.

Maganinta sai ganga. A nan ma akwai dabara: Donkey, babban birin, a kansa yake ɗaga ganga, Diddy kuwa a ƙirji yake rungume ta, don haka idan rinar tana daidai fuska, Diddy na iya shiga cikinta da gangar ta fashe a kanta, shi ya wuce lafiya. In kuma ka dace da Winky, kwaɗon nan da ake hawa, shi yana dira mata a ka ba abin da zai same shi. Farkon lokacin da na yi haka sai da na koma baya na nemi wata.

Amma inda Zinger ta fi nuna kanta shi ne matakan gangunan da ke cilla mutum kamar harsashi, irin su Barrel Cannon Canyon da Snow Barrel Blast. Kana cikin ganga tana juyawa, ƙasa rami ne, gangar da za ta cafe ka tana can gaba, rinar kuma tana kai-kawo a tsakani. Ba ta bin ka. Hanyarta ɗaya ce, sama da ƙasa, ko hagu da dama, ko zagaye, kuma ba ta taɓa saɓa ta. Na lura ƙanena ya fara ƙirga da baki, "ɗaya, biyu, yanzu", kafin ya danna. Yaron da a farko bai iya haƙurin daƙiƙa biyu ba, ga shi ya kafa ido yana jira ta zagayo sau uku. Shi ya sa nake ganin adalcinta: in ta harbe ka, ka san gaggawarka ce ta ja maka, kuma ka san abin da za ka gyara.

A na biyun aka kai mu har gidanta. Matakan Hornet Hole da Rambi Rumble a cikin saƙar zuma suke, bango na ɗigar zuma, kana manne wa kana tsalle daga wannan gefe zuwa wancan, ga zizarsu cike da kunne tun kafin ka gan su. Wallahi akwai daren da na rage murya saboda jikina ya fara tsam. A nan aka raba su biyu: masu ruwan ɗorawa suna mutuwa, jajayen kuwa ko ka jefe su ba abin da zai same su, sai dai ka kauce. A ƙarshen Rambi Rumble ka zama karkanda, sarkinsu King Zing ya biyo ka a guje, ba damar waiwaye. Daga baya ku haɗu gaba da gaba, kai kana matsayin aku Squawks, kuma da farko ba inda harbinka ke kama shi sai ƙarinsa. Dole ka zagaya ta bayansa. Wannan faɗan ya fi min na Queen B., sarauniyar rinar gem ɗin farko, nesa ba kusa ba, domin ita jifa da ganga ne kawai da jiran ta huce idan ta yi ja.

Akwai abin da bai yi min ba. A wasu wurare, musamman cikin dusar ƙanƙarar Snow Barrel Blast, ganga takan cilla ka da sauri fiye da yadda allon ke nuna gaba, sai dai ka ji harbi kafin ka ga mai harbin. A irin nan ba ido ke aiki ba, hadda ce, sai ka mutu sau biyu ko uku ka haddace inda take. Adalcin da na yaba mata ya yi rauni a wurin.

Switch yana da hanyar mayar da wasa baya in ka yi kuskure. Mun gwada ta kwana biyu, muka ga rinar ta daina ba mu tsoro, matakan suka zama lami. Sai muka yi yarjejeniya da ƙanena, ba mai taɓa ta sai a wuraren nan da allo ke makara.

A na ukun, na 1996, an maye gurbinta da Buzz, rinar ƙarfe mai zarto a baya. Mun leƙa shi jiya da daddare. Ƙanena ya buga mataki biyu, ya miƙo min hannun gem ɗin ya ce, "Yaya, mu koma gidan zuma, ban gama da King Zing ni kaɗai ba."