Rumbun Oracle na Jidda a Ma'aunin Mai Hidimar Alhazai

Aikin kamfanin da ke hidimar alhazai da masu Umara a Jidda ko Makka ba ya tafiya bai ɗaya. Daga kamawar Ramadan zuwa ƙarshen Zulhajji, hotunan fasfo da takardun masauki da jerin motocin Mina da Arfa suna ta kwararowa daga Kano da Yamai, sannan abubuwa su lafa. Sayen ƙatuwar na'ura a girke a ofis saboda 'yan watannin nan asara ce, shi ya sa hayar rumbun kwamfuta ta intanet, inda ake biyan gwargwadon abin da aka yi amfani da shi, ta fi dacewa.

A ganina, Oracle, kamfanin Amurka mai ba da irin wannan haya, shi ne ya fi zama daidai da wannan sana'a, kuma babban dalilin shi ne wurin da bayanan suke kwana. Kamfanin ya buɗe cibiyarsa ta Jidda a 2020, ya ƙara ta Riyad a 2024, don haka ana iya ajiye asali a ɗaya, kwafi a ɗayar, ba tare da fasfon alhaji ko ɗaya ya ƙetare iyakar Saudiyya ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne tun da dokar kare bayanan mutane, wadda hukumar SDAIA ke kula da ita, ta fara aiki gadan-gadan a Satumban 2024, tare da sharuɗɗa kan fitar da bayanai waje. Haka kuma Oracle ba ya cajin terabait 10 (ma'aunin yawan bayanai) na farko da aka fitar daga rumbunsa a kowane wata, alhali kuɗin fitar da bayanai ne yakan shammaci mutane a lissafin ƙarshen wata.

Google ma yana da cibiya a Dammam tun Nuwamban 2023, sai dai mai adireshin Saudiyya ta hannun kamfanin CNTXT yake saye.

Inda gizo ke saƙar shi ne, shafin sarrafa rumbun Oracle ba na ɗan koyo ba ne, dole sai da ma'aikacin da ya san aikinsa, kuma matasanmu da suka karanci fannin sun fi sabawa da AWS, rumbun kamfanin Amazon. Mai shagon turare da abaya a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, wanda buƙatarsa ba ta wuce rasitin da hukumar haraji ta ZATCA ta amince da shi ba, ƙaramar manhajar lissafi ta ishe shi. Wanda kuma ya yi niyyar shiga rumbun Oracle, ya sa harajin VAT na kashi 15 cikin ɗari a kasafinsa, ya kuma umarci ma'aikacinsa ya kashe na'urorin da aka ƙara da zarar jirgin ƙarshe na alhazai ya tashi, domin mafi yawan kuɗin hayar na tafiya ne bisa awannin da suke kunne.