Furob ɗin BCR-ABL1 da munka saya: abin da na gani bayan kwalba guda ta ƙare

Tunda mutane biyu sunka tambaye ni ta waya ko furob ɗin nan ya cancanci kuɗinshi, bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya gani. Ni ɗalibin digiri na biyu ne nan Sakkwato, aikina kan sankarar jini ne, irin wadda likitoci ke kira CML, kuma don aikin nan munka yi odar furob mai launi biyu na FISH, wato gwajin da ake hango DNA da launi mai ƙyalli ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, ta hannun wani dila a Legas. Ba zan faɗi sunan dilan ba, dalili na nan ƙasa.

Ga wanda bai san mi ake nufi da furob ba, ɗan guntun DNA ne da anka shafa ma launi mai ƙyalli, in ka ɗiga shi kan silaid, wato ɗan gilashin da ake shimfiɗa ƙwayoyin jini a kai, sai ya tafi ya manne daidai wurin da ya dace da shi cikin kuromosom, wato ƙunshin DNA da ke cikin ƙwayar halitta. A wanga ciwo, wani yanki na kuromosom na 9 da wani na 22 ke musayar wuri, sai ƙwayar gado ta ABL1 ta haɗe da ta BCR, daga nan ne fararen ƙwayoyin jini ke ta hayayyafa ba birki. Tun 1960 Peter Nowell da David Hungerford sunka ga ɗan guntun kuromosom ɗin da wanga ciwo ke zuwa da shi a birnin Filadelfiya na Amurka, amma sai 1973 Janet Rowley ta gano ashe musaya ce tsakanin 9 da 22. Kuma ba tarihi ne kawai na littafi ba, maganin imatinib da Amurka ta amince da shi a 2001 wanga haɗewar yake hari, shi ya sa sanin akwai ta ko babu ba ƙaramin abu ba ne ga maras lafiya.

To, kayan kanshi. Ƴar kwalba ce ƙarama ƙwarai, gwaji 10 ke ciki, kowane gwaji maikurolita 10. Ranar da na fara riƙe ta na tuna dalolin da anka biya, wallahi sai da na sake zama. ABL1 ja, BCR kore. Ƙwaya mai lafiya za ka ga ja biyu kore biyu, kowa shina wurinshi. Wadda ta kamu kuwa ja ɗaya, kore ɗaya, sai ɗigo biyu masu ruwan ɗorawa inda launukan sunka hau juna. Nan ne na yaba ma kayan nan, don ɗigon na fitowa tas, ba ka buƙatar matse ido kana tambayar kanka ko ja ne ko datti. Malamina da ya leƙa madubin shiru ya yi na ɗan lokaci, sannan ya ce "Ka gani ko? Wannan ba ya buƙatar gardama." Na ce ƙwarai kuwa Malam.

Shawarata ga duk mai niyya, ya nemi mai haɗuwa biyu, kar ya bi arha ya ɗauko mai haɗuwa ɗaya. Dalili shi ne cikin ƙwaya lafiyayya ma wani lokaci ja da kore kan faɗo kusa da juna haka nan bisa katari, da mai haɗuwa ɗaya sai ka ƙirga ta cikin masu ciwo alhali lafiyarta lau, amma a ce haɗuwa biyu ta faru bisa katari cikin ƙwaya guda abu ne mai wuya ƙwarai. Mu ƙwaya 200 muke ƙirgawa kowane silaid, cikin ɗaki mai duhu, kuma in alamar ba ta fita sosai to kafin ka kai ɗari kanka ya ɗau ciwo.

Inda matsala take ba cikin kwalbar ba ne, hanya ce da kuma iskar garinmu. Takardar kayan ta ce a ajiye shi a firiza, digiri 20 ƙasa da sifili, kuma kar haske ya taɓa shi. Dilan nan ya yi mana alkawarin ƙanƙara har ƙofa, kaya sunka iso ƙanƙarar duk ta zama ruwa, na kira shi ya fi a ƙirga sai ce mani yake ba komai. Allah Ya taimaka bai lalace ba, amma wanda ya san zafin Sakkwato a watan Afrilu da rana ke wuce digiri 40 ya san kasada ce anka yi da kuɗin mutane. Ku sa a rubuce kafin ku biya: yadda za a naɗe shi, kwana nawa zai yi a hanya, da wa zai ɗau asara in ya iso da ɗumi. In firizarku ba ta kan sola ko inbata, ku fara gyara wannan tukuna.

Sai bushewa. Bayan an gasa silaid ɗin ƴan mintoci wajen digiri 75 don zaren DNA ya rabu, ana barinshi ya kwana a digiri 37 cikin akwati mai laima. Silaid ɗina na farko lokacin hunturu na yi shi, na ɗan jiƙa takarda yadda na saba gani a bidiyo, da safe na tarar iska ta shanye komi, gefen gilashin ya bushe, alamar ta fito dishi-dishi ga hazo kore ko'ina. Gwaji guda cikin goma ya tafi kenan, kuma jinin wani bawan Allah ne da ya taho tun daga ƙauye. Daga ranar nake liƙe gefen da gam ɗin roba zagaye biyu, in jiƙa takardar sharkaf, in rufe akwatin ruf. Ban sake samun wannan matsalar ba.

Abu guda da ya kamata a sani, furob ɗin nan BCR-ABL1 kaɗai yake gani. Mai aiki kan kansar Burkitt ta yara, wadda ke kumbura muƙamuƙi, na MYC zai nema da ke kuromosom na 8, mai kansar huhu kuma na ALK, kuma waɗannan galibi irin masu rabuwa ne, wato launukan a haɗe suke ga mai lafiya, rabuwarsu ce alamar ciwo. Haka nan in maras lafiya ya daɗe kan magani ciwon ya ja baya sosai, FISH ba ya iya hango ɗan abin da ya rage, aikin PCR ne wannan, wato gwajin da ke ninka DNA har a iya gano ɗan kaɗan.

Zan sake saye in Allah Ya hore kuɗin bincike, irin wanga dai mai haɗuwa biyu, amma ta hannun wani dilan daban, kuma zan sa odar ta iso cikin Disamba ko Janairu lokacin da gari ke da sanyi.