Waverley ko Medway Queen: Wanne Za a Fara Ƙerawa?

Masu sha'awar ƙera ƙananan samfuran tsofaffin jiragen ruwa masu tafiya da tururi, masu fankar tuƙi a gefe, sun sha tambayata wanne za su ɗauka cikin waɗannan biyun.

Waverley, wanda ya fara aiki a 1947 a Sikotilan, tsawonsa kusan mita 73. A ma'aunin 1:48 (wato kowace mita 48 ta jirgin ta zama mita 1 a samfuri) samfurinsa zai kai mita ɗaya da rabi, ga bututun hayaƙi biyu, don haka katako da fenti za su ci kuɗi. Amma har yau yana ɗaukar fasinja, hotunansa ba sa wuyar samu. A 1974 aka sayar da shi fam 1 ga ƙungiyar da ta ceto shi.

Medway Queen ta 1924 ba ta kai shi girma ba, kusan mita 55. Tarihinta ne ke jan hankalina: sau bakwai ta je Dunkirk, a gaɓar tekun Faransa, kwaso sojoji a 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sai dai an sake gina gangar jikinta a Bristol, aka maido ta Gillingham (duka a Ingila) a 2013, don haka dole ka zaɓi kamannin wane zamani za ka bi.

Mai fili da son daidaito, Waverley. Mai ƙaramin ɗaki da haƙurin tono tsofaffin hotuna, Medway Queen.