Firizar da na mayar famfon zoɓo, da firijin da na kashe kafin ita

Firij na farko da na saya don wannan aiki bai cika awa uku a gidana ba na kashe shi da hannuna. Da labarinsa zan fara, tunda kuɗinsa su ne kuɗin makarantar da na biya.

Ƙanena da ke zaune a Amurka ne ya jawo mini. Maƙwabcinsa Bature yana haɗa giyarsa a gida, ya huda ƙofar wani tsohon firij ya dasa kan famfo, in ya ja hannun sai ta zubo da sanyinta da kumfarta. Can suna ce wa abin kegerator. Mu giya ba ta shiga gidanmu, amma ina ganin bidiyon abin da ƙanen nawa ya turo mini sai zoɓon uwargida ya faɗo mini a rai. Duk azumi aikin ke nan: a wanke gorunan roba, a ɗura, a jera, yara su buɗe firij sau hamsin kafin magariba, a zo shan ruwa a tarar babu sanyi. Da ƙanen nawa ya zo hutu sai ya taho mini da tuluna biyu na ƙarfen da ba ya tsatsa, irin waɗanda ake kira Cornelius, kowanne lita 19. Asalinsu ma ba na giya ba ne. Kamfanonin Pepsi da Coca-Cola ne suka riƙa zuba ruwan lemo a ciki, da suka daina masu haɗa giya a gida suka gaje su. Ke nan ni gidansu na mayar da su.

Tulun nawa irin na Pepsi ne, tsawonsa kusan santimita 63, faɗinsa 22 ba kaɗan. Na Coca-Cola ya fi gajarta amma ya fi ƙiba. In an ɗora masa kawunan tiyo sai ka ƙara wajen santimita bakwai a sama. Waɗannan lambobi su ya kamata in riƙe in tafi kasuwa. Ni kuwa ido na tafi da shi. Na ga wani ɗan madaidaicin firij na gwanjo, irin wanda ake ce wa Beljiyam, fari tas, mai ƙofa ɗaya, na taya aka sallama. A gida tulu ɗaya ya shiga da ƙyar bayan na cire duk faifan gilashin, na biyun kuwa ko kusa, saboda tudun da ke ƙasa ta baya, inda kwamfireso yake ɓoye. Na ce to, ɗayan ma ya isa. Sai na ga babu wurin tukunyar gas a ciki, wato gas ɗin CO2 da ke turo zoɓon ya ba shi tartsatsi irin na lemon kwalba, na yanke shawarar ajiye ta a waje in huda gefe in shigar da tiyo.

Bakin injin hudar bai shiga rabin inci ba na ji "fsss". Na ja da baya. Wani ɗan mai-mai ya biyo bakin ramin, iskar ta yi ta fita har ta ƙare. Da mai gyaran firij na unguwarmu ya zo, ya duba takardar da ke manne a baya, ya dube ni.

"Alhaji, wa ya aike ka? Da ka jona shi ka dafa gefen nan ai za ka ji ɗumi. Ɗumin nan bututu ne a cikin bango. Kuma ka gode wa Allah, gas ɗinsa R600a ne, ɗan'uwan gas ɗin girki. Da tartsatsi ya tashi, da ba wannan maganar muke yi ba."

Na ce ba a liƙewa? Ya ce ana yi, amma sai an farke bangon an tono soson da ke ciki, kuma ba zai yi mini alkawarin wata shida ba. Yanzu haka uwargida na ajiye kayan miya na gwangwani a cikinsa.

Karo na biyu na tafi da tef ɗin awo da faifai biyu na kwali da na yanka daidai gindin tulun. Na zaga shaguna uku a cikin Kaduna ina durƙusawa gaban firij ina jera kwali, yaran shago suna kallona kamar wanda ya zo duba aljanu. Ɗaya ya yi ta nanata mini, "Oga, wannan lita 250 ne fa." Litar da ake rubutawa ta haɗa da aljihunan ƙofa da gidan ƙanƙara da duk wani lungu da tulu ba zai taɓa shiga ba. Na auna na tsaye kusan goma, na Hisense da Haier Thermocool da Scanfrost da Nexus, duk kaya ne masu kyau ga abin da aka yi su dominsa, amma a yawancinsu ko dai aljihun ƙofa ya tokare tulun, ko tudun ƙasa ya ci rabin daɓen.

A ƙarshe firiza mai buɗewa ta sama na ɗauka, wadda muke ce wa dif-firiza, sabuwa, mai lita 200. Ba zan tallata suna ba, don masu wannan girman kusan duk ƙira ɗaya ce. Kwalina biyu suka kwanta a daɓenta har da ragowar wuri, tukunyar gas kuma ta hau kan tudun kwamfireson kamar don ita aka yi shi.

Abin da ya fi sa na gamsu da ita shi ne halin wutarmu. Iska mai sanyi nauyi gare ta. Firij na tsaye kana buɗe shi take zubowa ƙasa ta bi ƙafafunka, ita kuwa wannan kamar rijiya ce, sanyin yana kwance a ciki. Tunda ta famfo ake tsiyaya, sai mu yi kwana huɗu ba a ɗaga murfin ba. Akwai ranar da aka ɗauke wuta tun asuba ba a dawo da ita ba sai bayan isha'i, cikin zafin watan Afrilu, ma'aunin ya tashi daga digiri 4 zuwa 8 kawai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga zoɓo mai sukari, domin in ya yi ɗumi ya kwana biyu tsami zai fara, ya kama hanyar zama abin da Baturen can yake nema da gangan. Sannan a duba takardar bayan firiza, akwai harafin da ke nuna zafin da aka gina ta ta jure. T na ƙasashen zafi ne, har digiri 43. ST ya tsaya a 38. N da SN iyakarsu 32, kuma ana samunsu a kayan gwanjo na Turai. Wanda na kashe ma SN ne, da bai mutu a hannuna ba da bazara ce za ta wahalar da shi.

Ita firizar ban huda ta ko'ina ba. Wani kafinta a Fanteka ya haɗa mini firam na katako inci 2 da 6 daidai bakinta, muka kwance murfin muka ɗora shi a kan katakon, famfo biyu da tiyo duk ta jikin itacen suka bi. In na gaji gobe, in cire in mayar da murfi, ta koma firizarta. A kula da hinjin murfin wajen kwancewa, akwai sifirin mai ƙarfi a ciki, yana iya dukan yatsa.

Firiza aikinta daskararwa, don haka dole a yi mata linzami. Na sa Inkbird ITC-308, 'yar na'ura ce da ake jona firizar a jikinta, ita kuma a jona ta a bango, tana da waya mai jin sanyi da na liƙa a jikin tulun na rufe da soso. Ta kai digiri 4 ta yanke wuta, ta hau ta mayar. Tana da wurin saita jinkiri don kada kwamfireso ya riƙa tashi yana mutuwa a jere, na sa nawa minti 10. Mai saye ya tabbatar ta wuta 220 ce, ba 110 ta Amurka ba. Shekara guda ke nan ban taɓa ta ba.

Wahalar firizar kuwa gadon bayana ne ke shan ta. Tulu cike ya haura kilo 20, kuma sai ka ɗaga shi ya tsallake bangon firiza da katakon da ka ƙara, sannan ka sunkuya ka sauke shi a hankali. Ranar farko sai da na nemi man zafi. Tana kuma tara ruwa a ƙasa, tunda ba a yi ta don zama a digiri 4 ba, musamman da damina, duk mako sai an sa tsumma an goge in ba haka ba tsatsa da fumfuna su kama kusurwoyi. In gas ya ɗan tsiyaya, a ƙasan yake taruwa, ka zura kai ka ji ya harbi hancinka. A buɗe a bar ta ta sha iska tukuna.

Kan famfo a sayi na ƙarfen da ba ya tsatsa. Zoɓo tsami gare shi, ga gas, mai tagulla a ciki ba zai yi ba, lafiya ma ba ta yarda ba. Tiyo kuma ya yi tsawo. Giya a kan matsin gas 10 zuwa 12 a ma'aunin PSI ake tura ta, zoɓo mai tartsatsi irin na lemon kwalba yana son wajen 30, da na sa tiyo mita ɗaya kumfa ja ta wanke mini gaban farar shadda ranar Juma'a. Sai da na koma siririn tiyo mita bakwai, na naɗe shi a kan tulun, sannan ya zubo a natse.

Kunun aya na gwada sau ɗaya, gari ya kwanta ya toshe bututun tulun, kwana biyu kuma ya juya. Tulu na biyu yanzu lemon citta ne, an tace shi sau biyu da ƙyallen tatar koko. Uwargida ta ce in na sake zuba wani abu a ciki ba da saninta ba, ni zan wanke tiyon.