Garejin da ya ƙi ɗaura mini kwantirolar turbo a Agege

Motata tokumbo ce 'yar Jamus, ƙirar 2012, injin lita 2.0 mai turbo. Shekara uku ina hawanta daga Agege zuwa shagona a Idumota ba ta taɓa ba ni kunya ba, sai bayan damina motar ta fara rage ƙarfi. In na hau gadar Third Mainland da sassafe, hanya a buɗe, na taka totur, sai in ji wani ɗan huci daga gaba kamar ana sace iskar taya, motar kuma ta riƙa jan ƙafa. Danfo ma sai ya wuce ni. Bayan kwana biyu fitilar cek injin ta kama.

Ƙanina, wanda ba ya rabuwa da bidiyon masu tseren mota a YouTube, shi ya ce: "Yaya, ƙarfin turbonka ne ya ragu, bust kwantirola za ka sa, ka murɗa kawai ta dawo sabuwa." Na je Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, na sayo. Wani ɗan ƙarfe ne jan almuniyam, bai fi babban yatsa ba, da bakin tiyo biyu da abin murɗawa a kansa. Wani abokin ciniki ya kwatanta mini wani gareji a bayan layin dogo, ya ce maigarejin mutumin Zariya ne, ya daɗe a kan motocin Jamus.

Da na miƙa masa, sai ya kwance shi a tafin hannunsa ya nuna mini abin da ke ciki: sifirin ƙarami da ƙwallon ƙarfe kamar ƙwayar gero babba. Ya ce, "Alhaji, wannan shi ne duka abin da ka saya. Bari mu ji abin da motar za ta ce tukuna." Ya jona kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari, lamba P0299 ta fito, wato matsin iskar da turbo ke bayarwa bai kai wanda injin ke nema ba.

Bayanin da ya yi mini a tsaye a bakin bonet shi ne ya sa nake wannan rubutu, don na san akwai 'yan uwa da yawa a Legas da ke hawan irin waɗannan motoci ba tare da an taɓa zaunar da su an faɗa musu ba. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya turbo, turbo kuma ya tura iska da ƙarfi cikin inji. Don kada juyin ya wuce kima, akwai wata 'yar ƙofa da makanikai ke kira wesget, wadda ke buɗewa ta karkatar da wani ɓangare na hayaƙin zuwa salansa. Matsin iskar da turbon ya tara shi ne ke bi ta wani siririn tiyo ya tura ƙofar ta buɗe. Aikin abin da na sayo kawai ya tare wannan iska a hanya, ƙwallon ya riƙe ta har sai ta fi ƙarfin sifirin, ƙofar ta makara wajen buɗewa, matsi ya hau. Ba ya iya rage matsi ƙasa da abin da sifirin wesget ɗin kansa ya tsayar, ƙarawa kawai ya sani.

To amma motar ta zo da nata mai kula daga kamfani. Akwai bawul na lantarki a kan wannan tiyo ɗin, birenbos, wato kwamfutar da ke kula da injin, ne ke sarrafa shi, yana duba zafin iska, da yawan man da ake fesawa, da ko fistin ya fara ƙwanƙwasa. In ka cire wannan ka sa ƙwallo da sifirin, ka cire mai ido ka sa makaho. Birenbos na ganin matsi ya zarce abin da ya nema zai rubuta P0234, ya yanke ƙarfin injin, motar ta koma tafiyar hawainiya. Wannan ma in an yi sa'a ke nan. In ba a yi ba, ga zafin Legas, ga gosulon Oshodi da ke sa intakula, wato na'urar da ke sanyaya iskar turbo, ta ɗau zafi, ga fetur ɗin da ba kullum kake da tabbacin ingancinsa ba, wanda duk wanda ya sha wahalar gurɓataccen man nan na watan Fabrairun 2022 ya san abin da nake nufi. Ƙarin matsi a kan wannan hali shi ke ƙona fistin, inji ya buga.

Sai maigarejin ya sa yaronsa ya toshe bakin bututun iska, suka hura hayaƙi a ciki da wata ƙaramar na'ura. Ban fi minti ɗaya ina kallo ba na ga farin hayaƙi na tsartuwa daga ƙasan tiyon da ke zuwa intakula. Ya juyo shi da hannu, ga tsaga nan tsawon ɗan yatsa, mai ya jiƙe gefenta. Ya kuma kwance wani bawul da ke jikin turbon, ya ɗaga robarsa a rana, na hango haske ta cikin yagar. Tsufa ne kawai, roba ce ta sha zafi fiye da shekara goma. Ya ce da ya ɗaura mini abin da na kawo a haka, turbon zai ta ƙara gudu yana neman cike tulun da ke yoyo, har ya kashe kansa.

Na tambaye shi, to su wa ke buƙatar wannan na'ura? Ya ce masu gina motar tsere, waɗanda suka canza turbo zuwa babba, suka sa wesget na waje, suka ƙara girman injekta, aka sake rubuta musu birenbos. Su ma mai lantarki suka fi amfani da shi, tare da agogon da ke nuna matsi a gaban direba. Sababbin motoci da yawa kuwa wesget ɗinsu da ɗan injin lantarki yake aiki, babu ma tiyon da za ka jona wa.

Garejin yana da nasa aibu, kuma zan faɗa. Babu inuwar zama sai benci ɗaya a ƙarƙashin kwano. Ya ce in dawo gobe da azahar, bawul bai iso ba sai jibi bayan la'asar, kuma na kira wayarsa ya fi sau biyar bai ɗauka ba. Kuɗin dubawa da kwamfuta daban yake karɓa, ko an yi gyara ko ba a yi ba, gara mutum ya sani tun daga gida. Amma ya ajiye mini tsofaffin kayan a leda, ya nuna mini kwalin sababbin kafin ya ɗaura, kuma da kansa ya shiga muka zaga ta Ikeja Along da kwamfutar a cinyarsa, yana nuna mini layin matsin da injin ke nema da wanda yake samu suna tafiya tare.

Wata biyu ke nan fitilar ba ta sake kamawa ba, hucin ya ɗauke, man da nake sha a mako ma ya ɗan ragu, abin da ba ƙarami ba ne tun da aka cire tallafi a 2023. Kwantirolar tana cikin aljihun dashbod, ƙanina ya ce zai nemo mini wanda zai saya a cikin abokansa, na ce sai in ya fara kai motarsa an hura mata hayaƙi.