statfs a 32-bit da 64-bit: ina bambancin yake?

Ɗan'uwa, ka ce sabarka tana da faifan ext4 mai terabayit 20, manhajarka ta 64-bit tana faɗin sauran wuri daidai, amma ita dai manhajar idan aka haɗa ta a 32-bit sai ta dawo da EOVERFLOW, wato kuskuren da ke nufin lamba ta fi ƙarfin inda za a zuba ta. Faifanka lafiya lau yake. Manhaja kan tambayi kanel ɗin Linux (zuciyar tsarin) girman faifai da sauran wuri ta hanyar kiran statfs, kuma mazubin da kanel ke zuba amsa a ciki ne ya bambanta.

A cikin gida, kanel yana riƙe ƙidayar tubalan faifai a 64-bit, ko wane irin firosesa ne. Sai wajen miƙa wa manhaja ake rabuwa. A x86-64, guraben f_blocks (jimillar tubala), f_bfree (tubalan da ba kowa a ciki) da f_bavail (waɗanda mai amfani na yau da kullum zai iya amfani da su) masu bayit 8 ne, komai yana shiga. A tsohon statfs na 32-bit kuwa bayit 4 ne, iyakarsu kusan biliyan 4.29. Tubalin ext4 yawanci bayit 4096 ne, ka ga ke nan a tebibayit 16 (wajen terabayit 17.6) mazubin ya cika. Naka ya kai tubali wajen biliyan 4.9. Kanel ya gwammace ya ce "ba zai shiga ba" da ya yanke lambar ya ba ka ƙarya, kuma ni a ganina wannan shi ne daidai.

Saboda haka ne Linux 2.6 ta zo da statfs64 don injinan 32-bit. Shi yana karɓar girman mazubin a matsayin ƙarin bayani, idan bai dace ba ya ƙi. A firosesan ARM abin har ya fi ban sha'awa: wasu manhajojin da aka haɗa da ƙa'idar EABI suna turo girman bayit 88, kanel kuma 84 ya sani, sai aka saka 'yar dabara a ƙofar shiga tana mayar da 88 zuwa 84. 

Don Allah kada ka rubuta mazubin da hannunka. Ka haɗa manhajar da -D_FILE_OFFSET_BITS=64, ka kira statvfs na POSIX, glibc (laburaren C na GNU) za ta zaɓar maka ƙofar da ta dace. Wajen lissafi kuma ka ninka f_bavail, ba f_bfree ba, da f_frsize (girman tubali ɗaya), domin ext4 kan keɓe wa root (babban mai gudanar da injin) kashi 5 cikin ɗari, wanda mai amfani na yau da kullum ba ya iya taɓawa.